Gwaggona da Amsar da Ta Cika Kyau

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa gaba ɗayanmu. Gwaggo ta riga mu isa ne kawai. Ta rasu wata Talata da hantsi a gidanta na Kubwa, bayan jinyar da ba ta ja lokaci ba, aka kai ta makwancinta bayan la'asar. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, domin Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu da wuri.

Washegari layinmu ya cika da motoci har masu keke-nafef suka riƙa zagayawa ta baya. Mahaifina na zaune a rumfar da aka kafa a ƙofar gida, yana karɓar gaisuwa yana ƙare wa kowa kallo. Can sai ga shi ya leƙo zaure ya sa aka kira ni.

"Wancan mai babbar rigar, kin san shi?"

Na ce tsohon ɗalibinta ne, yanzu darakta ne a wata ma'aikata.

"Ya ce wai uwa ce gare su, mai sauƙin kai, mai saurin yarda da mutane." Ya rage murya. "Ki bincika ko ɓatan gida ya yi. Yayata yake nufi?"

A cikin gida ma haka. Wasu mata biyu da suka bi ta hannunta suna ƙus-ƙus a gefen tabarma, da na matso da ruwa suka yi tsit, ɗayar ta ɗaga murya ta ce, "Allah sarki, Madam mai haƙuri." Na san ba abin da suke faɗa ba ke nan. Maƙwabciyarmu mai sayar da hatsi ce kaɗai ta faɗi abin da na gane. Ta ce, "Allah ya jiƙanta, shekara da shekaru muna tare, ba ta taɓa karɓar mudu daga hannuna ba sai ta shiga ciki ta sake aunawa da nata." Ɗakin ya ɗauki dariya, ita kuma mai maganar ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Matar da aka yi ta yabo a rumfar nan ban san ta ba. Ina tsoron nan da 'yan shekaru ita za a riƙa tunawa, a manta da Gwaggo.

Kusan duk rayuwar aikinta a wuri ɗaya ta yi ta: ɗakin gwaje-gwajen fiziks na 'yan aji ɗaya, a wata jami'a da ke nan yankin Abuja. Duk wanda zai karanta likitanci ko injiniya ko wani fannin kimiyya sai ya bi ta wannan ɗaki. Ni ma na bi, daga baya kuma da na gama bautar ƙasa na koma ina digiri na biyu, aka sa ni cikin masu taimaka mata duba ɗalibai. Don haka na ga aikin ta ciki da waje.

Dogon ɗaki ne mai dogayen tebura, fankoki na juyawa idan akwai wuta. Kayan aiki ba su isa kowa ba, saboda haka ana haɗa ɗalibai biyu ko uku a tebur, kowane mako su koma gwaji na gaba. Wannan mako dalma ce a rataye da zare, ka kaɗa ta ka auna lokacin lilonta. Mako mai zuwa waya ce da batir, na gaba madubi da allurai. Gwaggo na tsayawa a bakin ƙofa da kanta. Kafin ka shiga za ta yi maka tambaya ɗaya a kan gwajin ranar, in ka yi shiru ka koma ka karanta. Awon da ka samu da biro za ka rubuta shi, ba da fensir ba, kuma ba ka fita sai ɗaya daga cikinmu ya duba ya sa hannu. Mako na zagayowa ka kawo rahoto: jerin awonka, zanen giraf, lissafi, sai bayanin abin da ya sa amsarka ta kauce wa ta littafi.

Wannan bayanin na ƙarshe shi ya fi kowane sashe maki a wurinta. Takan ce, "Amsar littafi ba taku ba ce, wani ya riga ya samo ta. Ni taku nake nema." Ɗalibi zai kawo amsa karkatacciya, ya rubuta cewa fanka na kaɗa zaren kuma bakin rular ya cinye, ya tashi da maki mai kyau. Wani ya kawo amsa cif da ta littafi, ta zana jan layi a ƙarƙashi ta rubuta ya zo ya same ta. A ƙarshen zango akwai jarrabawar aiki, inda kowa ke sa hannu cikin tsohon gwangwanin madara ya zaro takardar da za ta gaya masa gwajin da zai yi shi kaɗai. Ita ke naɗe takardun, a gida, ba ta yarda ko ni in taya ta.

Ɗalibai na kiranta Madam Sake, saboda kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan. Ta sani, ba ta damu ba.

Kada a ɗauka zarginta babu dalili. Rahotannin tsofaffin ɗalibai na yawo a ɗakunan kwana, ƙane ya gada daga wa. Duk farkon zango sai ta canja tsawon zare, ta musanya duwatsun awo, ta liƙe lambobin da ke jikin kayan wuta da salatif. Duk da haka ana kwafa. Akwai wani kuskuren lissafi da wani ya taɓa yi tun ina makarantar sakandare, ya riƙa dawowa duk shekara a hannun sababbin mutane. Na taɓa ganin ta ɗaga rahoton wani yaro ta ce masa, "Wannan kuskuren ya girme ka a jami'ar nan. Gaishe shi."

Halin bai tsaya a wurin aiki ba. Likita ya auna mata jini, sai ta ce a sake da ɗaya hannun. Tela ya kawo ɗinki, sai ta shimfiɗa ragowar yadin ta tsaya tana kallonsa. Na ce mata go-sulo ne ya tsare ni a hanya, sai ta tambayi daidai ina, kuma wace mota ce ta lalace. Ba ta ce maka ƙarya kake yi. Tambaya take yi, ta sake yin ta ta wata hanyar bayan ka manta.

Akwai wata ɗaliba matar aure da ta rasa gwaji biyu a jere, ta kawo takardar asibiti cewa jaririnta ne ba lafiya. Gwaggo ta juya takardar gaba da baya, ta ce hatimin bai yi mata ba. Da aka tashi aiki a ranar, ta sa na kai ta asibitin. Muka tarar da yarinyar zaune a bakin gado, jaririn da ƙarin ruwa a hannu. Gwaggo ba ta ce komai a kan takarda ba, ta yi ya-mai-jiki muka fito. Da aka sallame su, ta buɗe ɗakin gwaji ranar Asabar saboda ita kaɗai. Ta karɓi jaririn ta goya shi da mayafinta, tana kai da kawowa tsakanin tebura tana jijjiga shi, uwar na awo. Da ta gama, Gwaggo ta duba takardar da goyon a bayanta, ta ce, "Layi na uku bai yi ba. Sake."

Haka take. Yawancin lokaci zarginta na fitowa gaskiya, in kuma bai fito ba takan gano da wuri. Sau ɗaya ne na san ta makara, kuma ba zan yi mata adalci ba in na tsallake shi.

A shekarata ta biyu ina taya ta aiki, aka kawo wani saurayi teburin da nake dubawa. Ɗan Paikon Kore ne, iyayensa manoma, shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a. Dogo ne, marar magana, in ka yi masa tambaya sai ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya amsa. Abokan teburinsa sun gane da wuri cewa zai yi aikin, sai suka sakar masa. Abin da na lura da shi, ba ya gaggawa. Yakan tashi ya kashe fankar da ke kansu ko da zafi, ya rufe tagar gefensa. Idan sauran sun fita shan ruwa shi yana nan yana ƙirga lilon dalma, ya sake, ya kuma sakewa, yana rubutawa a wata 'yar takarda. Gurbin da aka tanada a takardar awo kaɗan ne, saboda haka sai ya haɗa nasa ya fitar da matsakaici ya cika gurbin da shi, ya yar da 'yar takardar. Ni kuma in sa hannu.

Rahotonsa na farko, ɗigon giraf ɗinsa duk suka hau layi kamar an jera su da hannu. Gwaggo ta ajiye shi gefe. Na biyu haka. Da na uku ya zo, muna zaune a ofishinta muna duba rahotanni, ta tura min shi.

"Da kayan aikinmu aka samu wannan?"

Na ce da su ne.

"Rular nan tamu da bakinta ya cinye? Agogon nan da maɓallinsa ke maƙalewa?" Ta cire gilashi. "Daga amsa ya faro ya dawo baya. Na sha gani."

Mako na zagayowa ta tsayar da aji gaba ɗaya. Ta kira shi gaba, ta tambaye shi ina sauran awon da ya ce ya yi. Ya ce ya yar. Aka yi 'yar dariya a baya. Ta ce to ba komai, ga zare ga dalma, ya yi a gaban kowa. Ta tsaya a kansa da nata agogon. Fanka na juyawa, bai iya cewa a kashe ba.  Ya saki dalmar a karkace ta riƙa zagaye maimakon lilo, ya ɓata ƙirga ya koma farko, gumi na ɗiga a kan takardar. Abin da ya samu ranar, ko mafi lalacin ɗalibi ya fi shi.

Gwaggo ta ɗaga takardun biyu ta nuna wa aji. Ta ce, "Wannan naka ne. Wannan kuma na littafi ne. Ɗakin nan yana yafe wa wanda bai iya ba, amma ba ya yafe wa maƙaryaci."

 Ya tattara jakarsa ya koma teburinsa ya zauna.

Ta soke makin rahotanninsa. Babu su babu ci, sai ya faɗi kwas ɗin. Kuma da yake sai an ci shi ake ɗaukar wani na aji biyu, abin ya ja masa ƙarin shekara guda cur.

Ranar a mota na yi mata magana. Na ce, "Gwaggo, yaron nan yana yi. Na gan shi da idona."

"Kin tsaya a kansa daga farko har ƙarshe?"

"A'a, ina da wasu teburan."

"To ba ki gani ba."

"Amma ni na sa hannu."

"Shi ne abin da nake ta tunani a kai," in ji ta. Ta juyo ta dube ni sosai. "Akwai wani abu ne tsakaninku?"

Ban taɓa jin magana ta sare ni kamar wannan ba. Matar da ta yi min kitso, ta raka ni makarantar kwana, ita ke tambayata haka. Na daina cin abinci tare da ita. Mun daɗe a gida ɗaya sai gaisuwa. Takan rufe nawa tuwon ta ajiye a ƙofar ɗakina, in fito in ɗauka bayan ta shige. Har ta bar duniya ba ta janye wannan tambaya da baki ba, ni ma ban sake tayar da ita ba.

Bayan an kafe sakamako, wata Asabar da safe aka yi sallama. Wani dattijo ne da hular saƙa, ɗan acaɓa na sauke masa doya a ƙofar gida. Ya ce shi ne uban yaron. Yadda ya gano gidan ban sani ba.

Gwaggo ta tsaya a bakin get ba ta matsa ba. "Wa ya ba ka adireshina?"

"Na tambaya ne, Madam. Na zo gaisuwa."

"Doyar fa?"

"Ba a zuwa gidan babba hannu haka."

"Maki ba a gidana yake ba. Ka kwashe."

Dattijon ya cire hula ya riƙe. Hausarsa irin ta mutanen ƙauyukan nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce, "Madam, ni ban san karatu ba. Amma yaron nan ni na haife ta. In ka aike shi ya ƙirga kunyoyin doya a gona, sai ya ƙirga ya sake, har ka gaji. Ba ya ƙarya. Ban ce ka ba shi maki ba. Ka sake duba shi kawai."

"Na duba shi a gaban mutane," in ji Gwaggo. "Kowane uba haka yake cewa."

Ta jira har aka mayar da doyar kan babur, sannan ta rufe get.

Na ɗauka maganar ta mutu. Da sabuwar shekara ta zo saurayin ya dawo maimaita kwas ɗin, abu na farko da ta yi shi ne cire shi daga teburana ta ba wani abokin aikina. Na ji haushi, na san dalili. Ta kuma sa shi a teburin ƙarshe, shi kaɗai babu abokin aiki, kusa da ɗakin ajiyar kaya. Ɗakin ajiyar yana da 'yar taga mai gilashin lufa da ke kallon wannan tebur. Sai ga Gwaggo ta ɓullo da sabuwar al'ada: duk ranar ajinsu, da ta gama tsaron ƙofa sai ta ce za ta shiga duba kaya, ta ja ƙofa. Mai kula da kayan ya yi ta tsarguwa, yana tambayata ko wani abu ne ya ɓace ake zarginsa.

Ta yi masa duk abin da ta iya. Ta ba shi zaren da ba a taɓa amfani da tsawonsa ba. Ta ba shi wayar da ita kaɗai ta san awonta. Shi bai san ana kallonsa ba. Ya kashe fanka, ya rufe taga, ya yi ta maimaitawa kamar da, sai dai yanzu ba ya yar da ko guntun takarda. Yana liƙa su duka a bayan rahoto, har rahoton ya yi kauri. Ɗigon suka ci gaba da hawa layi.

Wata ranar Alhamis muna dawowa, mun tsaya cik a go-sulon hanyar Kubwa, masu tallar ruwa na bi tsakanin motoci, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Yaron nan ba ya ƙarya."

Na juyo na dube ta.

"Bara ma bai yi ba."

Washegari ta je wurin shugaban sashe ta ce tana so a gyara sakamakon bara. Ita ta ba ni labarin da kanta. Ya ce sakamako ya riga ya wuce duk matakan da ake bi, shekarar kuma ta riga ta tafi, babu mai dawo da ita. Sannan ya rufe ƙofar ofis ya rage murya ya ce, "Hajiya, tsakanina da ke, wa ya yi miki magana a kan yaron nan? Wani babba ne?" Ta ce min da ita ce a kujerarsa, tambayar da za ta yi ke nan.

Da damina ta yi nisa, wata Asabar ta ce in ɗauko mota za mu Paikon Kore. Ba mu san gidan ba, sunan yaron kawai muke da shi. Muka tsaya a gindin wata bishiya inda samari ke zaune. Da suka ga mota da mata biyu 'yan birni suna tambayar gidan manomi, fuskokinsu suka canja. Mutanen yankin nan sun sha ganin baƙi sun zo da mota, bayan kwana kaɗan a ga an kafa duwatsu a gonar da suka gada. Ɗaya ya zagaya ya leƙa kujerar baya, ya hango tef ɗin awo da Gwaggo ba ta rabuwa da shi.

"Oga madam, wa ya sayar maku?"

"Sayar da me?"

"Filin da kuka zo aunawa."

Gwaggo ta ce ita malamar jami'a ce. Suka ce na baya ma haka suka ce. Wannan ya ce babu mai wannan suna a garin, wancan ya ce sun tashi tun bara. Muna nan tsaye rana na dukanmu, sai wata tsohuwa da ta ɗauko itace a kafaɗa ta tsaya ta saurara. Ta yi musu magana da yarensu, ta yafito mu. Samari biyu suka biyo mu a baya har gona, ba su yarda sun bar mu mu kaɗai ba.

Dattijon na cikin kunyoyin doya da fartanya. Ya gane ta tun daga nesa, bai ajiye fartanyar ba. Can gefe na hango ɗan, ya miƙe tsaye yana kallonmu.

Gwaggo ta taka cikin laka da takalmin ofis har gabansa. Sai ta durƙusa. Ban taɓa ganin gwiwarta a ƙasa gaban wani mahaluki ba, ko mahaifinsu ban riske shi ba balle in gani.

"Baba, ka ce in sake dubawa. Na duba. Kai ke da gaskiya, ni na zalunci ɗanka. Na kuma wulaƙanta ka a ƙofar gidana. Na zo neman gafara."

Ya dube ta, ya dubi samarin, ya dube ni. "To me za ni yi? Akwai takarda da za ni sa hannu?"

"Babu takarda."

"Ko yaro ya kai ƙara ne?"

"Bai kai ba."

"An kore ka a aiki?"

"A'a."

Ya daɗe shiru, yana neman inda abin ya ɓoye. Na ga Gwaggo ta sunkuyar da kai, domin ta san irin wannan shirun, ita ta saba yi wa mutane.

Daga ƙarshe ya ce, "Tashi, Madam, laka ne. Na ƙofar gida nawa ne, na yafe. Na makaranta ba nawa ba ne. Ga mai shi can."

Muka juya. Saurayin ya saɓa fartanyarsa, ya shige cikin dawa, ganyen ya rufe bayansa. Uban ya kira shi, bai waiwayo ba. Muka jira har hadari ya haɗo, sannan muka kama hanya. 

Saurayin ya ci kwas ɗin da maki mafi yawa a ajinsu, ya ci gaba har ya kammala. Bai taɓa gaishe ta ba. In ya hango ta a baranda sai ya sauka ya bi ta rana. Ta aika a kira shi ofis, ya ce a gaya mata yana da lacca. Ba ta sake aikawa ba.

Daga wannan shekara ta canja tsarin ɗakin. Ba a ƙara sa kowa ya maimaita gwaji a gaban aji ba. Wanda ake shakka a kansa ya dawo wata rana ya yi tare da ɗaya daga cikinmu, ita ba ta shiga. Ba a soke makin kowa sai mutum biyu sun duba. Aka ƙara gurabe a takardar awo, aka ce kowa ya kawo duk abin da ya rubuta, har wanda ya soke. Kada wani ya ce ta yi laushi. Har ranar da ta yi ritaya tana liƙe lambobi da salatif tana naɗe takardun gwangwani ita kaɗai. Illa dai na lura, in rahoto ya cika kyau, kafin ta ɗauki jan biro takan ajiye shi ya kwana.

Da ciwo ya kwantar da ita, wata safiya ina shafa mata mai a ƙafa, ta lissafa min mutanen da take so in nema mata gafararsu in ta riga ni. Ba su da yawa. Ta ambaci mai hatsi, ta ambaci wani tsohon direbanta. Sannan ta ce, "Da ɗan Paikon Kore. Amma kada ki ce masa ina kwance, zai yafe don kunya. Ki bari sai na tafi. Kuma kada ki matsa masa."

Bayan an share makoki na nemo lambarsa ta hannun wani abokin karatunsa. Yanzu yana koyar da fiziks a wata makarantar sakandare wajen Bwari. Na kira lokacin hutun tara, ina jin hayaniyar yara a bayansa. Na gaya masa ko ni wace ce, na ce Gwaggo ta rasu, ta kuma bar min saƙo gare shi.



"Allah ya ba ku haƙuri," in ji shi. "Ita ta ce ki kira, ko ke ce kika ga ya dace?"

Na ce ita ce, na faɗa masa yadda ta faɗa.

"Shekarar da na rasa, na yafe tun tuni. Babana ya ce min ta durƙusa a laka, na gani ma da idona." Ya ja numfashi. "Amma kalmar da ta kira ni da ita gaban aji, har yau in na tsaya gaban nawa ɗaliban ina jin ta. In na ce miki na yafe wannan yanzu, ƙarya zan yi miki, Anti. Ki ba ni lokaci."

Na ce na ba shi. Ya ce an kaɗa ƙararrawa, zai shiga aji.

Ban gaya wa mahaifina wannan ba. Da ya tambayi yadda muka yi da saƙon da Gwaggo ta bari, na ce ana kan magana. Lambar na nan a wayata, ban sake kira ba, kamar yadda ta umarce ni.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka. Ta tsare amanar da aka ba ta iya ganinta, inda ganin ya gaza kuma ta taka da ƙafarta ta je ta faɗa. Ka yafe mata, ka yalwata kabarinta, ka sassauta mata tambaya. Ka sanyaya zuciyar wanda ta ɓata wa, a lokacin da ka ga dama. Duk wanda ya bi ta ɗakin nan yana riƙe da wani abu a ransa, ina roƙonsa ya sake dubawa, in ya samu wuri ya yafe mata.